Ba Zazzaɓi Ne Ya Ɗauke Shamsu Ba

Agege, Ikko.
Lahadi, 21 ga Afrilu, 2002.

Zuwa ga ƙanina Ɗanliti,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummu Salma da 'ya'ya da jikoki, da duk wanda ya rage a gidanmu na Malumfashi. Na ji an ce gwiwa tana damunka, Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ce. Mu nan muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Matata Kalsum tana fama da hawan jini amma tana tashi. Ɗana Alu ya koma rumfarsa ta albasa tun bayan sadakar bakwai, matarsa Azumi kuwa har yau ba ta cika fitowa tsakar gida ba.

Shekara goma sha tara ke nan ban rubuta sunanka a bayan ambulan ba, kuma ka san dalili. Ranar sadakar ukun Inna, a zaure, gaban dattawan unguwa, ka ce bokona ya kai ni Kurmi kuma a can zuriyata za ta narke, ba wanda zai san ko Hausawa ne. Ban manta ba, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce na yafe tun tuni ba. Da Bature direba ya kawo mini takardarka ta ta'aziyya, sau uku na karanta ta ina neman inda za ka ce ai dama ka faɗa. Ban samu ba. Abin da na samu shi ne addu'arka cewa Allah ya sa zazzaɓin da ya ɗauke yaron ya zama kankarar zunubi. Wannan layin ne ya hana ni sakat har na zauna rubutu, domin ba zazzaɓi ba ne. Haka muka shirya a faɗa wa mutanen gida can Malumfashi, ni da Alu. Shamsu shi ya kashe kansa. Ba zan rubuta maka ta yaya ba, kada ma ka tambaya. Abin da nake so in faɗa maka shi ne yadda muna mutum huɗu manya a gida ɗaya da shi, amma ba wanda ya gani. Ni kaina ban gama ganewa ba, wataƙila in na jera maka abin a takarda zan ga inda na ɓata.

Shamsu ɗan farin Alu ne, saboda haka Alu ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce yaron nan. Azumi ma haka, in za ta ba shi abinci sai ta ajiye ta ce a gaya wa wancan. Da aka yaye shi ɗakin Kalsum aka kawo shi, a wurinmu ya tashi. Kalsum tana ce masa maigida, ni ina ce masa ɓarawon matata, shi kuma yana ce mini tsoho mai ran ƙarfe, wai na ƙi mutuwa in bar masa mata da rediyo. Ka san wasan jika da kaka, ba sai na yi maka bayani ba. Abin da ba ka sani ba shi ne ni na tsaya a kan a yi haka. Lokacin da yaron yana rarrafe na taɓa ganin Alu ya ɗora shi a wuya yana zagaya tsakar gida yana kiran sunansa, kamar yadda maƙwabtanmu Yarbawa suke yi da nasu. Na kira shi gefe na yi masa faɗa sosai, na ce mu ba haka muke ba, ya ji kunyar idon mutane. A ranar maganarka ta zaure ce take yi mini yawo a ka. Na so duk ranar da wani daga gida ya zo ya ga ba mu narke ba. Ba ina ɗora maka laifi ba ne. Ko kuwa ina ɗora maka, wallahi ban sani ba. Alu dai ya sauke yaron, bai ƙara ɗaukarsa ba.

Ka ji labarin rikicin kasuwar Mil Sha Biyu na ƙarshen 1999, wata shida bayan an ce mana soja sun koma bariki, kowa zai sha iska. A wannan ranar, Shamsu da ƙanwarsa Najiba sun kai wa ubansu saƙo, abin ya rutsa da su a can. Shi yana da shekara goma sha biyar, ita goma sha huɗu. Wani ɗan dako mutumin Illela ya cusa su a bayan tirela tsakanin buhunan albasa, suka kwanta a nan tun hantsi har bayan la'asar, suna jin duk abin da ake yi a waje. Abu ɗaya suka ji, ta kafa ɗaya suka leƙa. Da suka dawo gida Najiba ta faɗa jikin uwarta tana kuka har muryarta ta dishe. Shamsu ya wanke ƙafa ya hau rufin ɗaki ya ba tattabarunsa dawa. Alu ya dube shi daga nesa ya ce wa bango, ba wa yaron ba, ai namiji ne. Ni kuma na ce masa yau ɓarawo ya sha warin albasa. Ya yi dariya.

Daga nan Najiba ta fara lalacewa a gaban idonmu. Ta daina cin abinci sai an tsaya a kanta. In motar haya, danfo, ta yi ƙara a titi sai ta dafe ƙirji ta ce zuciyarta za ta fito. Makaranta ta gagare ta, ko bakin ƙofa ba ta son zuwa. Kuka ba dalili, ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta. Wata rana ta ce wa uwarta ita gara ta mutu ta huta, Azumi ta fito tsakar gida tana salati. Gidan gaba ɗaya ya juya kanta. Aka kwashe wuƙaƙe da magunguna aka kulle a akwatin Kalsum, Kalsum ta koma kwana kusa da ita, matan unguwa suna shigowa layi layi, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce baki ne. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kawo mai ruƙiyya daga Idi Araba. Ni da na yi Midil, na yi shekara talatin ina akawu a tashar jirgin ƙasa ta Iddo, ina zaune a kujerata ina yi musu kallon jahilai, alhali ba ni da abin da ya fi nasu. Wata nas Bayarbiya da ke bayan gidanmu, Iya Sikira, ita ta ce wannan ciwon damuwa ne, yana da likitansa, ta rubuta mana sunan wata likita a takarda.

Ni na riƙa kai ta, tunda ni ne mai Turanci. Shamsu yake raka mu, shi yake riƙe jakarta, shi yake yi mana faɗa da kwandastoci da Yarbanci, in mun isa ya zauna a benci a bakin ƙofa. Likitar mace ce mai haƙuri. A zuwanmu na uku, da ta ji labarin tirelar, sai ta ajiye biro ta tambaye ni ina ɗan'uwan da suka ɓuya tare. Ta ce a waɗannan shekarun na ƙuruciya 'yan mata aka fi kawo mata da baƙin ciki da tsoro, su ne suka fi faɗa da baki, su ne ma suka fi gwada cutar da kansu. Amma ta ce in aka zo ga waɗanda suke mutuwa da gaske, samari sun fi yawa, saboda nasu ba ya fitowa da kuka, yakan fito da faɗa ko ganganci ko shiru, ba a kawo su, su ma ba sa kawo kansu. Na gane kowace kalma, Ɗanliti. Har na gyaɗa kai irin na wanda ya yi karatu, na ce mata lallai wannan abin lura ne. Na ce amma namu lafiyarsa ƙalau, ga shi can a waje. Ta ce in kira shi. Na buɗe ƙofa na leƙa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai ɓarawon matata, taso likita za ta duba ko kanka ɗaya ne." Ya ɗago ya dube ni. Na rantse maka ya ɗan yi jim kafin ya amsa, na ga haka da idona. Sannan ya ce a fara duba tsohon da ya ƙi mutuwa tukuna. Muka yi dariya mu biyu. Likitar ba ta jin Hausa, ta ga kaka da jika suna dariya, ita ma ta yi murmushi ta kira na gaba. Tun ranar da aka binne shi nake komawa bakin ƙofar nan. Shekarata sittin da tara, ban san wata hanyar yi wa jikana magana ba sai wannan.

Najiba ta samu sauƙi a hankali, da magani da zuwa ana hira da ita. Ta koma makaranta, ta yi ƙiba, muka ce alhamdu lillahi an fita. Shamsu kuwa abubuwan da ya riƙa yi a shekara biyun nan, kowanne mun ba shi suna. Ya daina zuwa ƙwallo, muka ce ya girma. Ya fasa wa wani kwandasta baki a Oshodi, muka ce zafin kai ne na samari. Yana karɓar okadar abokinsa, babur ɗin haya, yana tsere da ita a titin Abeokuta har ya kwaɓe gwiwa, Alu ya aika masa da faɗa ta bakin Kalsum. Yana wuni kwance, muka ce lalaci. Sakamakon makarantarsa ya zube, shi da yake na uku a aji, ni na ce ai gadon kakarsa ya yi. Ranar da makaman barikin Ikeja suka tashi, watan Janairun nan, ƙasa tana girgiza, gilasai suna zubowa, duk Agege ana gudu ba a san inda za a ba, Najiba ta sume, mu duka muka rufu a kanta. Da ƙura ta lafa aka nemi Shamsu, ashe yana kan rufin ɗaki a zaune wajen tattabarunsa yana kallon wutar. Maza a masallaci suka riƙa yaba masa, wai yaron Alu ba ya da tsoro. Na ji daɗi a raina. Yanzu ina tambayar kaina ko rashin tsoro ne, ko kuwa bai damu ba ne in abin ya faɗo a kansa.

Bayan Babbar Salla da mako ɗaya ya rabar da tattabarunsa, su ashirin da wani abu, waɗanda tun yana ɗan shekara tara yake kiwo. Ya kai wa yaran unguwa bibbiyu. Da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina jin labarai, ya zo ya tsuguna kusa da kujerata, abin da bai saba ba. Na ce yau kuma ɓarawo ya tuba ne, ya raba dukiya? Ya ce, "Tsoho, ka ci gari. Ni zan riga ka, kai za ka yi mini salla." Irin wannan maganar mun yi ta ta fi sau ɗari, sai dai kullum shi ne mai cewa zai binne ni. Na lura ya juya ta, na lura kuma bai yi dariya ba. Amma na ce masa to in zai tafi ya bar mini takalmansa na Salla, sun fi nawa kyau. Ya ce to. Ya ɗan jima a tsugune, kamar mai jiran a ƙara cewa wani abu, ni kuma na mayar da kunnena kan rediyo. Ranar Alhamis bakwai ga Maris, tsakanin azahar da la'asar, Alu ya same shi a ɗakin da yake ajiye buhuna a bayan gida. Ina daga ƙofar gida na ji wata murya tana kiran Shamsu, Shamsu, Shamsuddin, ban gane mai ita ba, don ban taɓa jin sunan a bakin Alu ba tun ranar da na hana shi.

Limamin unguwarmu mutumin kirki ne. Ya zo ya zauna da mu, ya ce yaron Musulmi ne, za a yi masa wanka da salla a binne shi cikin Musulmi, hukuncinsa yana wurin Allah wanda ya fi mu sanin abin da ke kansa. Sai dai ya ce shi ba zai ja sallar ba, wani daga dangi ya shiga gaba. Alu ba ya iya tsayuwa. Ni na shiga gaba. Na yi kabbara huɗu a kan jikana kamar yadda shi Shamsu ya ce, kuma da muka dawo daga maƙabarta na tarar da takalman a ƙarƙashin kujerata, a goge, an haɗa su wuri ɗaya. Tun da safe ya ajiye su, ina zaune a kansu wuni guda ban duba ba.

Bayan sadakar arba'in Najiba ta zo ta same ni. Ta ce akwai abin da take so ta faɗa, amma kada in mayar da shi wasa. Ka ji abin da jikata ta fara roƙona. Ta ce tun suna zuwa asibiti, a cikin danfo, Shamsu ya taɓa gaya mata da Yarbanci, don kada in ji, cewa duk abin da take ji shi ma yana ji, har ya fi, bambancin kawai ita an yarda ta yi kuka. Ta ce ta ɗauka mun sani, tunda manya ne mu kuma likita ta yi mini bayani a gabanta. Ta tambaye ni me ya sa da ta ce za ta mutu aka kulle wuƙaƙe, shi da ya ce zai mutu aka tambaye shi takalmi. Ashe tana bayan ƙofa ranar. 

To ga inda kaina ya kulle. Wani lokaci in ce don namiji ne, mun ga ƙato mai faɗa da kwandasta, ba mu ga yaro ba. Wani lokaci in ce don ɗan fari ne, iyayensa biyu ba sa iya yi masa magana, kakanninsa biyu ba sa iya yi masa sai ta wasa, to wa zai gaya wa? Amma ai mu ma haka aka rene mu, kai ka san Baba bai taɓa kiran sunan Yaya Sa'adiya ba har ya mutu, ga ta nan ta tsufa da jikokinta. Wani lokaci in ce Ikko ce, da abin da ya gani ta kafar tirela, in ce da a Malumfashi ya tashi da yana nan, ka ga ke nan ka yi gaskiya. Sai kuma in tuna al'adar Malumfashin ce na ɗauko na kafa a tsakar gidan nan da ƙarfi. Na koma wurin likitar ni kaɗai. Ta ce ba abu ɗaya ne yake kawo wannan ba, ciwo ne, kada in kashe kaina da zargi. Na gode mata da Turanci mai kyau na fito. Karatun da Baba ya zaɓe ni ya bar ka a gona dominsa, wanda na yi shekaru ina ɗaga maka kai da shi, iyakar abin da ya yi mini shi ne na fahimci gargaɗin sarai kafin in yi watsi da shi.

Abu biyu nake roƙonka. Kalsum za ta kawo Najiba wurinku in an yi hutu, ta yi wata guda, likita ta ce canjin wuri zai taimaka mata. Tana shan magani, a bar ta ta sha, kada a ce iska ce a karɓe. In ta yi kuka a bar ta, in ta yi maganar yayanta kada a ce ta yi shiru, ta san gaskiya kuma yanzu kai ma ka sani. Wanda za ka gaya wa a gida, wannan na bar maka. Na biyu, Bature ya ce mini kana da jika, Mahbub, sa'an Shamsu, wai yaro ne mai hankali, ba ya magana, ba ruwansa da kowa. Wataƙila haka Allah ya yi shi, ban sani ba, yanzu ba na amincewa da ganina a kan komai. Amma ka kira shi wata rana ku tafi gona ku biyu, ka kira shi da sunansa, ka tambaye shi abin da ke damunsa, kuma in ya ba ka amsa da wasa kada ka yi dariya. Ka jira. Ban san me zai biyo baya ba, don ni ban taɓa jira ba.

Tattabarun sun dawo. Duk wanda aka ba, da ya sake su sai su komo rufinmu, yaran sun gaji da zuwa kama su. Ni nake watsa musu dawa yanzu daga ƙasa, tunda ba na iya hawa.

Ka gaishe mini da Yaya Sa'adiya, ka ce ta sa mu a addu'a. Ka gaida Ummu Salma, da Abdulrauf da iyalinsa, da A'ishatul Humaira in ta zo daga Funtuwa, da Mahbub. Kalsum tana gaishe ku, Alu ma ya ce a gaida Baffa. In ka je kabarin Inna ka yi mata addu'a da sunana. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Badaru.

Na rufe takarda sannan na tuna ban amsa tambayarka ba. Ka ce wanne ne daga cikin 'ya'yan Alu, don ba ka taɓa ganinsu ba. Babban ne. Sunansa Shamsuddin, an haife shi shekara ɗaya bayan rasuwar Inna, ya yi kama da Baba ta wajen goshi. Shekararsa goma sha bakwai da wata huɗu. Watan gobe zai zauna jarrabawar gama sakandare, an riga an buga sunansa.